Laraba: kwikwiyo ko babbar karya?

Tun da muka yanke shawarar ajiye kare, gidan nan ya rabu biyu. Ɗiyata kwikwiyo take so, ba ta ma yarda a kawo wani zance. Uwarta tana bayanta, hujjarta kuwa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ka raina da hannunka ka san abin da ka zuba masa. Ni raina ya fi kwanciya da babba, amma ba ni da hujjar da zan kare kaina da ita, shi ya sa yau na ɗauki hutun rabin rana don in ji daga bakin masu abin.

Wurin likitan dabbobi na fara zuwa. Ya ce kwikwiyo ba a raba shi da uwarsa kafin mako 8. Allurar rigakafin farko ana yi masa tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan 'yan makonni har ya kai mako 16, saboda cututtuka irin su fabo da distamfa. Ta ciwon haukar kare kuwa sai ya kai mako 12. Kafin allurai su cika ba a barinsa ya taka inda baƙin karnuka ke bahaya, domin ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a daidai wannan lokacin ne kuma ake so ya saba da mutane, da yara, da ƙarar mota, domin daga wajen mako 14 sabon abu tsoro yake fara ba shi. Wato a kare shi daga duniya, kuma a nuna masa ita, duk a lokaci guda. Wannan aiki ne na mai zaman gida.

Sai maganar fitsari. Ya ce lissafin da aka saba yi shi ne awa ɗaya a kan kowane wata na shekarunsa: ɗan wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da awa 2, dare da rana. Ga haƙora. Na nono guda 28 za su zube, 42 su fito, kuma har wajen wata 6 ko 7 duk abin da bakinsa ya kai, takalmi ne ko wayar caja, sai ya tauna. Ina ji ina lissafa awannin da gidanmu yake a kulle. Ni da uwargida duk aiki muke fita, yarinya tana makaranta. To wa zai yi tanƙwarar?

Da rana na wuce gidan da ake tara karnukan da aka tsinta ko masu su suka gaza riƙewa. Haushi kamar zai tsaga kunne. Wata ma'aikaciya ta zaga da ni, kuma abin da ya burge ni da ita shi ne ba ta yi mini tallan kowa ba. A can ƙarshe akwai wata karya ja, matsakaiciya, kwance ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Ba ta taso da gudu ba. Da na tsuguna na kawar da kai kamar yadda aka ce in yi, sai ta zo ta sansana hannuna, ta kaɗa jela kaɗan.

Na ce, "Malama, shekarunta nawa?" Ta ce daga haƙoranta likita ya kimanta 4 ko 5, amma tarihinta babu wanda ya sani. An yi mata allurai, an ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska, an yi mata aikin hana haihuwa. Ba ta ɓata ɗaki. Sai dai in ta ga an ɗaga tsintsiya takan maƙale a lungu tana rawar jiki, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ta ƙara da cewa halin da kare ke nunawa a keji ba shi ne duka halinsa ba. Su lissafinsu kwana 3 na ɗari-ɗari, mako 3 na gane tsarin gida, wata 3 kafin ya saki jiki. Wani sai ya saki jikin ne ake gano ba ya jure zaman kaɗaici.

Duk da haka na fi son matsalar da na gani da idona. Girmanta ya tsaya, ƙarfinta na san iyakarsa. Kwikwiyo kuwa ko an raine shi da kyau akwai abin da ya gado, sai ya girma za a gani. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa: kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, ita kuwa ta riga ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗiyata ba za ta gama girma ba za ta yi kukan rabuwa.

Da daddare na nuna musu hotonta. Yarinyar ta turo baki ta ce, "Abba, ai wannan ba ta san ni ba." Na ce kwikwiyon ma bai san ki ba. Uwarta ba ta yi dariya ba, tambaya ɗaya ta yi, ko karyar ta taɓa zama da yara. Wannan ma'aikaciyar ma ba ta da tabbas a kai, don haka muka tsayar da cewa ranar Asabar za mu je mu uku, a fito da ita fili a ga yadda za ta yi da yarinyar. In abin ya yi daidai, za mu roƙi a ba mu ita riƙon gwaji kafin mu sa hannu. Kafin nan sai na toshe ramin da ke ƙarƙashin shingen baya, don karya mai tsoro ta nan za ta fara bi.