Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Yadda Muka Ɗauki Rubutu Muna Yara

A makon jiya na tsaya ne a 1976, shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, aka riƙa jera yara ana cewa kowa ya ɗora hannun dama ta saman kansa ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya. Kafin mu shiga ajin, bari yau in ajiye labarin kaina gefe, in yi bayanin irin kan da muka shiga da shi. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku a makarantar allo ba fanko yake zuwa boko ba. Yana tafe da tasa fahimtar abin da ake kira rubutu, kuma rabin abin da malaman aji ɗaya ke kira daƙiƙanci daga nan ya taso.

A wurin ɗan makarantar allo, rubutu abu ne da ake haɗawa da hannu, a wanke, har a sha. Ya ga yadda ake yin tawada tun daga farko. Ana samun gawayi mai laushi ko baƙin gindin tukunya a niƙe shi luƙwi, a tankaɗe da tsumma don kada tsakuwa ta toshe bakin alƙalami. A gefe kuma an jiƙa ƙaro tun dare ya narke. Sai a kwaɓa su tare, a zuba a kurtu, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin ido ne, amma kuskuren ba ya ɓuya: in ƙaro ya yi kaɗan, rubutu na bushewa zai koma gari, kafin yaro ya kai gida rabin karatunsa yana jikin rigarsa, in ya yi yawa, tawadar ta yi danƙo, ta ƙi sauka daga alƙalami, wadda ta sauka kuma ta yi ƙyalli ta daddare. Alƙalamin karan gamba ne, a feƙe shi da reza a karkace, a ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada. Tsagar ta yi tsawo, ya riƙa ɗiga. Ba a tsaga ba, kowane baƙi sai an tsoma. Allo kuwa in an wanke sai ya bushe sarai, a rana ko a gefen wuta, don in da sauran laima, rubutun bajewa yake yi, wasali ya haɗe da baƙi.

To yaron da ya taso a haka, ya kuma ga ba a zubar da ruwan wankin allo a kwata, sai a tara shi a ƙwarya ko a zuba inda ba a takawa, me zai ɗauka? Cewa zai yi karatun yana cikin tawadar. Shi ya sa yara da yawa suke ganin in suka lashe allonsu hadda za ta zauna, wasu kuma su yi ta kuka ranar wanki, don a ganinsu an wanke abin da suka sha wuya suka koya.

Matakin farko babbaƙu ne, wato haruffa tsirara ba wasali, kuma ba daga alif, ba, ta ake farawa ba. Daga A'uzu ake farawa, ana kiran kowane baƙi da sunan da Hausawa suka raɗa masa: alu, am baki, wau, zal. A Bisimilla a ce ba, sin, min jaye, alu, lallan, ha kuri. Sunayen nan hikima ce, siffar baƙin suke faɗa da matsayinsa a kalma: min jaye shi ne na ƙarshe mai jan wutsiya, am baki shi ne mai buɗaɗɗen baki. Amma ba wanda ke zama ya warware wa ɗan shekara biyar wannan. Sai ya haddace jerin da karinsa kamar waƙa, ya ɗauka "alu am baki wau zal" sura ce mai zaman kanta da ke gaban Fatiha. Akwai baƙin da ake kira ɗa mai hannu, saboda sandar da ke tsaye a kansa. Yara kan zura ido suna neman jaririn da hannunsa. Ha babba da ha ƙarami kuwa, kowa ya san wa ne da ƙane.

Babban ruɗanin yana bayyana ne idan an shiga farfaru, an fara sa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri da ƙarfi. Malam ko gardi ya biya wa yaro sau uku ko huɗu, yaro ya koma wurinsa yana rangaji, yatsa a kan allo, murya a sama. Daga nesa ka ce ya iya. Matso kusa ka dubi yatsan: baki yana aya ta uku, yatsa yana kan ta farko, ko kuma ya riga ya kai ƙarshen allo yana jiran baki ya iso. Yaron nan ba ha'inci yake yi ba. Iyakar saninsa, karatu shi ne ka riƙe allo, ka nuna, ka faɗi abin da aka biya maka. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kowane ɗan zane yana da sautinsa shi kaɗai ba.

Gane irin wannan yaro ba wuya. Rufe layin farko da tafin hannu ka ce ya fara daga na biyu. Ko ka nuna kalma guda a tsakiya ka ce mene ne wannan. Mai hadda zalla zai runtse ido ya koma farko yana motsa leɓe har ya iso wurin, in ya yi sa'a. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a rubuta ayar a wani allo da wani hannu. Sai ka ji, "Allah gafarta malam, wannan ba karatuna ba ne." Da gaskiyarsa, don shi tabon allonsa ya sani, da inda tawada ta ɗiga. Maganin ba bulala ba ne. A koma baya, a riƙa tsinto baƙi ɗaya daga wurare daban-daban a shafi, a sa shi ya nemo duk inda ya bayyana, kwana uku ko huɗu a kan baƙi biyu kawai. Malaman da ke sa yaro ya fara bin sawun rubutu da alƙalami da wuri, ɗalibansu sun fi saurin fita daga wannan rami.

Haka kuma ba mu yarda ana karatu baki a rufe ba. Mutum ya zauna da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo yana juya shafi shiru, mu a wurinmu kallo yake yi, ko kuwa yana nuna wa mutane ne ya iya. Karatu ai sai an ji shi a zauren maƙwabta.

Sai maganar fa da ƙaf, wadda har manya take kayarwa. Rubutun allo na ƙasar Hausa na hannun Magariba ne, a kan riwayar Warshu. A cikinsa fa ɗigo ɗaya take da shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Hafsu da alhazai ke kawowa daga Makka, wanda Islamiyyu suka yaɗa, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Yaron da ya kai izu biyar a allo, a miƙa masa wannan bugun, duk inda ya ga fa sai ya karanta ƙaf, "fi" ta koma "ƙi". Ya duba ya rasa ɗigon yamala, mai ba da sautin "e", da ya saba gani, baƙin lodi (ض) da yake furtawa da lam a ce masa ba haka ba ne, alhali a gida kullum yana jin alwala, larura, farilla, layya, duk da wannan lam ɗin. Ƙarshenta ya yanke cewa Alƙur'ani iri biyu ne, namu da na Larabawa. Jera masa shafukan biyu na sura guda, a zagaye masa baƙaƙen nan biyu, ya isa ya warware matsalar a zama ɗaya, amma ba kasafai ake yi ba.

Duk takardar da ke da baƙin Larabci, a wurinmu Alƙur'ani ce. A tsince ta, a kaɗe ƙura, a cusa a ramin katanga ko a soke a jikin danga. Ladabi ne mai kyau, sai dai ramukan katangar unguwa sun sha ɓoye kwalin ashana da takardar ganyen shayi. Har kuɗi bai tsira ba. Naira ta fito a 1973 da rubutun ajami a jikinta, yara suna cewa aya ce, kada a shiga bayan gida da ita. Alhali Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin kawai aka rubuta: naira ɗaya, naira biyar, naira goma. Ɗan farfaru zai iya haɗa baƙaƙen, amma ba zai ji abin da bakinsa ya faɗa ba, don bai san ana rubuta maganar kasuwa da baƙin allo ba. Manyan 'yan boko ma sun yi wannan kuskuren, suna kiransa Larabci, har aka cire shi daga naira 5 zuwa 50 a 2007, aka cire daga naira 100 a 2014.

Da wannan kan muka shiga aji ɗaya. Ranar farko a ba yaro littafin rubutu, ya buɗe shi ta baya, ya fara daga dama. Ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu, kowane harafi daidai, sai dai ta baya za a karanta. Malamin da ya san hannunsa ɗigon jan biro yake sawa a gefen hagu na kowane layi har sati biyu, ya ce daga nan mota ke tashi. Sannan ga b da d, waɗanda yaran ko'ina ke juyawa, mu kuma aka ƙara mana ɓ da ɗ, suka zama huɗu masu kama ɗaya. In aka koyar da su a sati guda, an shuka ruɗanin shekara. A raba su, b da ɓ a wannan wata, d da ɗ a wani.

Abin da ya fi ba ɗan allo mamaki shi ne boko bai damu da jan wasali ba. A ajami garin tuwo yana da alu bayan baƙin farko, garin da ake zama ba shi da shi. A boko duka "gari" ne, sai jimla ta raba. Yaro ya karanta "gari ya ƙare" ya ɗago kai a tsorace, yana tambayar ina mutanen suka tafi. Kuka ta miya da kukan jariri kuwa, ajamin ma bai raba su ba, sai kunne.

Yana gama sabawa da cewa c ita ce ta ciki da cokali, sai a shigo da Turanci, a zana kofi a baƙin allo a rubuta masa suna da c a farko, a ce a furta ta da k. Aji guda ya amsa da murya ɗaya, "cuf!" Daga wannan darasin zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.