Kicin ɗin da na shirya wa wata

Ranar da dillaliyar gidaje ta zo ganin gidanmu a gefen Landan, ba ta daɗe a falo ba. Ɗakunan kwana ma a tsaitsaye ta leƙa su. Da ta shiga kicin kuwa sai ta tsaya. Ta buɗe kabad ta rufe, ta murɗa famfo, ta ɗaga kai ta dubi silin da ke saman murhu. Can ta ce min, cikin ladabi, masu saye hoton kicin suke fara dubawa a shafukan intanet na tallar gidaje, Rightmove ko Zoopla, tun kafin su nemi zuwa, domin shi ne ɗakin da gyaransa ya fi cin kuɗi. Ta ce in rage kaya, in bar wurin ya sha iska.

Maganar ta tsaya min a rai. A kicin ɗin nan na fara jin na zauna a ƙasar nan. Sanyinmu na farko, a watan Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Maigida yana wurin aiki, yara suna makaranta, ni ban san kowa ba. Gaban murhun nan nake tsayawa, ina samun ɗumi, hannuna yana samun abin yi. Yanzu ana so in kwashe kaina daga ciki, yadda wata za ta shigo ta hango kanta a wurin.

Na fara da saman kantar girki. Tukwane, robobi, kwalabe, duk na zuba a kwali, na bar butar lantarki kawai. Ƙofar firij ce ta fi yi min wuya, don a nan zanen 'yar auta yake, da takardun makaranta da aka manna shekara da shekaru. Da na cire su sai na ga ashe kicin ɗin yana da faɗi.

Sai batun wari. Hancin mai gida ba ya jin ƙamshin gidansa. Maƙwabciyata na roƙa ta shigo daga waje ta gaya min gaskiya, ta kuwa gaya min: ƙaurin mai ya kama labule da bango. Turare ba ya maganin wannan, ƙara cakuɗa shi yake yi. Na ciro ragar fankar da ke zuƙe hayaƙi, na jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Ruwan ya koma ja-ja, maiƙo yana yawo a kai, sai da na sake ruwa sau uku. Na hau kujera na goge saman kabad, inda ƙura da mai suka haɗu suka zama kamar danƙo. Labulen na cire shi gaba ɗaya, haske ya shigo.

Ruwan famfon Landan yana da alli a cikinsa, shi ne yake daskarewa fari-fat a wuyan famfo da cikin buta. Na naɗa tsumma da na jiƙa da ruwan khal a jikin famfon, bayan ɗan lokaci na goge, ya dawo yana sheƙi. Farar robar da ke liƙe gefen wurin wanke-wanke ta yi baƙi da fumfuna, muka kankare ta muka sa sabuwa.

A ƙarƙashin wurin wanke-wanken ne muka tarar da tabon danshi, katakon ya ɗan kumbura. Na ce a shafa fenti kawai. Maigida ya girgiza kai ya ce, "Maman yara, in mu aka yi wa haka fa?" Na yi shiru, don ya fi ni gaskiya. Ko ba wannan ba, mai saye yakan turo masanin gini ya bincika gida, kuma akwai takardar da lauya ke kawowa, TA6, wadda mai sayarwa ke amsa tambayoyi a kan halin da gidan yake ciki. Muka kira mai gyaran famfo ya ɗaure bututun, aka sauya katakon. Murhun gas kuwa ba mu taɓa shi da hannunmu ba, don doka ta ce sai ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne jira. A Ingila ciniki ba ya ƙulluwa sai lauyoyi sun yi musayar takardun yarjejeniya, kafin nan kowane ɓangare na iya fasawa. Watanni na yi ina girki ina share sawuna, kullum kicin kamar ba a taɓa kunna wuta a ciki ba.

Matar da ta saya daga baya ta zo da jariri a kafaɗa. Ba ta yi magana da yawa ba. Ta tsaya gaban wurin wanke-wanke, daidai inda nake tsayawa, ta dubi waje ta taga, ta tambaye ni ko rana na shigowa da safe. Na ce tana shigowa har saman kantar girki.

Da takardar TA10 ta zo, wadda ake nuna abin da za a bari da abin da za a tafi da shi, na daɗe riƙe da biro a layin murhu kafin na sa alamar za a bar shi. Daren da za mu tashi na rubuta mata 'yar takarda na ajiye a aljihun kabad: makunnin ruwan gidan yana ƙasa ta hagu, taga kuma takan cije da sanyi, sai an ɗan ɗaga ta kafin a tura.