Godiya ga waɗanda suka tallafa wa faɗakarwa kan ƙazuwa a Gombe

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya da muka zagaya makarantun sakandare na kwana a nan Gombe domin faɗakarwa kan ƙazuwa, muna miƙa godiya ga shugabannin makarantu da suka ware mana lokaci bayan La'asar, da malaman da suka tara mana ɗalibai aji-aji.

Babbar godiyarmu ga iyayenmu mata masu kula da ɗakunan kwana, domin su suka tsaya tsayin daka aka shafa wa kowa magani a dare ɗaya, mai susa da marar susa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Ƙwaron ƙazuwa rami yake haƙa a fata ya zuba ƙwai, kuma wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji ƙaiƙayi ba, alhali yana yaɗa ta. In masu ƙuraje kaɗai aka yi wa magani, abokin gadonsu ne zai mayar musu.

Mun ga yadda suka bi yara ɗaya bayan ɗaya: a yanke farce, a shafa man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 daga wuya har tafin ƙafa, a cusa shi tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, hammata, cibiya da matse-matsi. Sai ya yi awa 8 zuwa 14 a jiki kafin a yi wanka, shi ya sa aka fara bayan Isha'i. Wanda ya wanke hannu ko ya sake alwala cikin dare, ya ƙara shafawa a wurin. A nan ne da yawa ke kuskure.

Masu dafa abinci ma sun ara mana manyan tukwane aka tafasa ruwan wankin zannuwan gado, tawul, yunifom da hijabai. Barguna kuwa aka ƙulle su a leda, tunda ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ya rabu da jikin mutum. Allah ya saka musu da alheri.

Ɗalibai, kun burge mu da tambayoyinku, musamman da kuka daina yi wa masu ita dariya bayan kun ji cewa mai tsafta ma tana kama shi.

Iyaye, ga roƙonmu. A maimaita shafawar bayan kwana 7, saboda ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan magani, wannan ba dalilin shafa kananzir, baƙin mai ko man bilicin ba ne. Idan ƙurajen suka fara ruwa ko mugunya, ko fuskar yaro ta kumbura, ko fitsarinsa ya yi duhu, a kai shi asibiti ranar, domin ciwon yana iya taɓa ƙoda. Wanda ya dawo hutu yana susa da dare, a duba 'yan ɗakinsu gaba ɗaya.