Lahadi: ƙarfafan 'yan gaba da aikin jikin katanga

Yau Lahadi, gasar NHL ta hokin ƙanƙara, ta Amurka da Kanada, tana hutu, ba wasa sai Oktoba. Ranar ta tafi a kan sake kallon wasannin kakar 2024-25 na Montreal da Toronto da Los Angeles, kuma 'yan wasa uku kaɗai na bi da ido, ko faifan (ƙaramin faifan roba da ake bugawa da sanda a maimakon ƙwallo) yana wurinsu ko ba ya wurinsu: Juraj Slafkovsky, Matthew Knies da Quinton Byfield. A kakar babu wanda ya kai shekara 24 a cikinsu, kowanne nauyinsa yana kewayen kilo 100. Biyun farko tsawonsu santimita 191, Byfield kuwa 196. Irinsu ne ake kira ƙarfafan 'yan gaba, masu kutsawa da jiki har gaban raga kuma su ci.

Da safe na tsaya a kan wasan jikin katangar da ta kewaye fili, don a can ake gane wanda ya iya sana'ar. Filin NHL tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa ƙafa 85, wato mita 61 da mita 26. Manyan filayen Turai sun kai mita 30 a faɗi. Mita huɗun nan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya saba samun daƙiƙa biyu kafin a iso shi, a NHL kafin ya ɗaga kai an riga an manna shi da gilashi. Slafkovsky ya sha wannan. Ɗan Slovakia ne, ya yi wasa a TPS ta birnin Turku a Finland, ya ci 7 a gasar Olamfik ta Beijing a 2022, aka ba shi gwarzon gasa, ƙasarsa ta samu tagulla, sannan Montreal ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar. Kakarsa ta farko ta ƙare da ci 4 da maki 10 (ci da taimakon ci a haɗe) a wasa 39, rauni ya katse sauran. Kowa ya ga matsalar: yana tafe da faifai kansa a sunkuye, jikinsa a miƙe.

A wasannin da na kalla yau abin ya sake. Idan aka cilla faifai kusurwa, kafin ya isa yakan waiga ta kafaɗa ya ga ta inda ɗan baya yake zuwa. Ba ya nufar katanga kai tsaye, a karkace yake shiga, domin wanda ya shiga a miƙe shi ke buga fuska. Sai ya lanƙwasa gwiwa, ya ware ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, ya yi ƙasa da ƙugu kamar ɗan kokawa da ya ƙi a ɗaga shi, ya ba abokin hamayya baya, faifan kuma yana can gaba a bakin sanda inda hannun wancan ba zai kai ba. Daƙiƙa biyu ko uku yake buƙata, ba ƙari. A cikinsu abokin wasansa Nick Suzuki ya matso, ɗayan abokin, Cole Caufield, ya sulale inda babu kowa, sai a miƙa. Inda yake ɓatawa har yanzu shi ne idan ya riƙe faifan fiye da kima: ɗan baya na biyu ya iso, a ɗaga masa sanda ta ƙasa, a kwashe. Ya ci 20 da maki 50 a 2023-24, sai 18 da maki 51 a kakar da ta biyo. Montreal ta ba shi kwantiragin shekara 8 a kan dala miliyan 7.6 duk shekara, kuma a ganina ba ta yi gaggawa ba. Abin da nake so a gare shi shi ne ya riƙa harbi. Sau da yawa yana wuri mai kyau sai ya nemi wanda zai ba.

Akwai kuskuren da masu kallo ke yi, na auna irin waɗannan 'yan wasa da yawan bangaza. Bangazar da ba ta raba mutum da faifai ba asara ce, domin mai bangazar ya fita daga wasa na ɗan lokaci, abokansa huɗu suna fama da biyar. Ga kuma doka. Wanda ya tunkuɗa mutum ta baya ya bugu da katanga, ko ya taho da gudu daga nesa, ko ya nufi kai, zai zauna a waje minti 2 ko 5, wani lokaci har da kora. Shi kansa Slafkovsky an dakatar da shi wasa biyu a Nuwamba 2022 saboda ya tunkuɗa Matt Luff na Detroit jikin katanga. Babban jiki da bai iya tsayawa da sauri ba shi ke jawo irin wannan, kuma gyaransa yana ƙafa, a ƙarfen takalmi, ba a kafaɗa ba.

Bayan azahar na koma kan Knies da aikin gaban raga. Haifaffen Phoenix ne a jihar Arizona, iyayensa 'yan asalin Slovakia, ya yi wasa a Jami'ar Minnesota, kuma sai a lamba ta 57 Toronto ta same shi a 2021. Daga ci 15 ya hau zuwa 29 a kaka ɗaya. Raga faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, kuma golan wannan zamani idan ya ga faifai tun daga nesa da wuya a ci shi. Aikin Knies shi ne ya hana shi gani. Yakan kafa dugadugansa a bakin shuɗin fenti na gaban raga, ba a ciki ba, domin idan ya shiga ya taɓa gola za a iya soke cin bayan an duba bidiyo. Yana fuskantar mai harbi, sandarsa a sake, ba ya barin ɗan baya ya danne masa ita. Idan harbi ya taho sama, yakan taɓa shi da bakin sanda ya sauya masa hanya, amma dole wurin taɓawar kada ya wuce tsayin sandar saman raga, in ya wuce ba ci ba ne. Idan gola ya tare ya dawo, sai ya juya ta gefen da faifan ya faɗi, ba da ƙafa ba, don haurawa da gangan ma ba a karɓa. Duk wannan ana yinsa ne ana dukan bayansa da sanda.

Abin da ya fi burge ni a wurinsa shi ne hannu. Manya da yawa suna iya tsayawa a wurin nan, kaɗan ne ke iya ɗaga faifai sama daga tazarar ƙafa uku alhali gola ya shimfiɗa ƙafafu ya toshe ƙasa. Amma akwai abin dubawa. Kusan ɗaya cikin biyar na harbinsa ya shiga a kakar 2024-25, alhali matsakaicin gasar bai fi ɗaya cikin goma da ɗan ɗoriya ba. Mai harbi daga bakin raga yakan fi matsakaici, gaskiya ne, sai dai irin wannan adadi yakan sauko. Kuma da taurarin Toronto Auston Matthews da Mitch Marner ya yi wasa, sai Marner ya koma ƙungiyar Vegas a 2025. Toronto ta ba shi shekara 6 a kan dala miliyan 7.75 duk shekara, don haka daga kakar 2025-26 dole ya riƙa ɗauko faifan daga kusurwa da kansa ya kai shi raga, ba jiran a kawo masa ba.

Da yamma Byfield. Los Angeles ta ɗauke shi na biyu a 2020, kuma babu baƙar fata da aka taɓa ɗauka a lamba mafi girma a tarihin gasar. Ya karye a idon sawu kafin a fara kakar 2021-22, shekarun farko suka tafi ba ci mai yawa, har aka fara cewa an yi kuskure. Sai ga ci 20 da maki 55 a 2023-24. Shi salonsa daban ne, gudu ne makaminsa. Yakan zagaya ɗan baya ta waje, ya sauke kafaɗar ciki, ya riƙe sanda da hannu ɗaya can nesa, ya tokare mutumin da ɗaya hannun, sannan ya yanko zuwa raga. Idan ya fasa yankowa ya bi ta bayan raga, harin ya mutu. Ya yi wasa a gefe kusa da abokin wasansa Anze Kopitar kafin a mayar da shi tsakiya, inda aikin tsaro ya fi nauyi.

Irin waɗannan 'yan wasa ba sa nuna da wuri. Dogon jiki yana ɗaukar lokaci kafin ƙafa da hannu su daidaita, kuma ƙarfin da ya yi wa yaro aiki a kan sa'anninsa ba ya motsa ɗan baya mai shekara 30. Tsohon ɗan wasa Cam Neely ya yi kaka uku a Vancouver bai wuce ci 21 ba, aka sallama shi ga Boston a 1986 yana ɗan shekara 21, a kakarsa ta farko a can ya ci 36. Daga baya ya ci 50 a wasa 44 na farko da ya buga a 1993-94. Amma ciwon gwiwa da na ƙugu suka sa ya ajiye wasa a 1996 yana da shekara 31. Wasa sama da 80 a kaka, ana shiga kusurwa sau da dama kowane dare, jiki yana biya.

Cikin ukun nan, Knies ne ya fi ƙwarewa a aikin yau, Byfield ya fi kayan aiki, amma Slafkovsky nake ba gaba nan da shekara uku, saboda shi ne ƙaraminsu, an haife shi a 2004, kuma ya riga ya gyara abin da ya fi wuyar gyara, wato ɗaga kai kafin faifai ya iso.