Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Littafin Dokokin da Ba a Tace Ba

A makon jiya na tsaya a inda na fara samun aikin fassara daga ƙananan kamfanonin Turai masu wallafa wasannin tebur, wato wasannin da ake sayarwa cikin kwali ɗauke da allo da katuna da ƙwayar jefawa irin ta ludo, tare da littafin dokoki. Aikina shi ne in juya littafin da rubutun katunan daga Ingilishi, wanda na ƙware a kansa lokacin zamana a Katsina, zuwa Faransanci, harshen da na yi karatu da shi a nan Maraɗi. Ba ni da albashi. Ana biyana da yuro bisa yawan kalmomi, kuma da yake kowane yuro ɗaya yana daidai da sefa 655 da ƴan kai, a farko na ga kamar na dace.

Inna ba ta saki jiki da sana'ar ba. Da ta ga hotunan katuna a kwamfutata sai ta ce, "Ɗan nan, ba dai caca kake taya Turawa shiryawa ba?" Na ce, "Inna, Allah ya kiyaye, wasa ne irin dara, ba a sa ko dala." Daga nan ta sa wa aikin albarka.

Wahalar tana cikin takardun da ake turo mini. Wanda ya ƙirƙiri wasa yakan sauya dokokinsa sau da yawa kafin a kai ga bugawa, kuma ƙaramin kamfani ba ya ɗaukar edita da zai bi rubutun daga farko zuwa ƙarshe, saboda haka ragowar tsoffin dokoki sukan maƙale a cikin sababbi. Wani shafi zai ce ɗan wasa ya ɗebi kati biyu a farkon zagaye, misalin da ke ƙasansa ya nuna uku, taƙaitawar bangon baya kuma ta yi shiru a kan batun. Jerin kayan cikin kwali ba ya daidai da adadin katunan da ke cikin fayil. A wani aikin an tura mai karatu zuwa wani babi da aka riga aka cire gaba ɗaya.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A dara, mai ramuka 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, idan gardama ta tashi a kan jera uku, akwai dattijo a gefe da zai yanke hukunci nan take. Iyalin da suka buɗe sabon kwali a Liyon ko Dakar ba su da wannan dattijon. Littafin ne kaɗai alƙalinsu, kuma idan ya saɓa wa kansa wasan ya mutu, kuɗinsu ya tafi. Shi ya sa ban taɓa yarda in juya kuskure yadda na same shi ba. Nakan buga katunan a takarda, in yanka su da almakashi, in kai fadarmu, wato majalisar hirarmu da abokai, da dare, mu buga wasan ana dafa shayi, har mu gano wace doka ce take tafiya da sauran. Daga nan in rubuta jerin tambayoyi in aika. Wani lokaci amsar takan zo bayan makonni, wani lokaci a ce in yi abin da na ga ya dace, wani lokaci kuma a turo sabon fayil ba tare da an nuna inda aka taɓa ba, sai in koma in gwada shi da tsohon layi bayan layi. Duk wannan aikin edita ne, amma takardar biya kalmomi kawai take ƙirgawa.

Gaggawar ma tana da tushe. Kowane kamfani yana son wasansa ya isa babbar kasuwar baje koli ta birnin Essen a Jamus, wadda ake yi kowane watan Oktoba, ko ta Cannes a Faransa a watan Fabrairu. Yawancin wasannin a maɗaba'un ƙasar Sin ake buga su, jirgin ruwa kuma yana cin makonni kafin ya kawo su Turai. Idan mai ƙirƙira da mai zane suka makara, ranar maɗaba'a ba ta matsawa, sai a matse mafassari, domin shi ne na ƙarshe a layi.

Daminar 2023 ce ta fi tsanani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, turo kuɗi daga waje ya yi wuya. Na kammala wani babban littafi ina cajin kwamfuta a shagon wani abokina mai sola. Bayan wasan ya fito, masu saye suka yi ta ƙorafi a kan wata dokar ƙirga maki wadda na yi tambaya a kanta tun farko aka ce in bar ta haka. Takardar gyara da kamfanin ya fitar ta kira abin kuskuren fassara, kuma sunana ne a shafin ƙarshe na littafin. Wannan ya yi mini ciwo fiye da jinkirin biya.

Tun daga lokacin na kafa sharaɗi: ba na karɓar aiki sai na karanta littafin dukansa, kuɗin tacewa daban yake da na fassara, kuma kowace amsa sai a rubuce. Wasu kamfanonin sun daina nemana, ɗaya kuma ya amince. Yadda muka yi da shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.