Abin da waƙoƙin Tinariwen suka koya mini a sitidiyo

Duk mai aikin haɗa sauti a sitidiyo irin namu na Kano ya san yadda abin yake tafiya yanzu, mawaƙi ya zo da baitukansa a waya, ka buɗe kwamfuta ka ɗora masa bit, wato kiɗan na'ura, fiyano shi kaɗai ya yi ganga ya yi kalangu ya yi sarewa, mawaƙin ya shiga ɗaki ya rera, kai kuma ka sa ototun, manhajar da ke daidaita murya, ka goge numfashi ka jera komai a kan layin kwamfuta mai auna lokacin bugu, kafin la'asar waƙa ta fita. Da wannan aikin nake ci nake sha kuma akwai gwaninta a cikinsa wallahi, wanda ya raina shi bai taɓa zama a gaban na'urar ba. Amma akwai abin da na daɗe ina so in rubuta wa abokan sana'a, wato abin da na tsinta da na zauna na bi albam ɗin Tinariwen a jere tun daga kaset ɗinsu na da har zuwa na 2023, ina saurare da kunnen mai aiki, ina tambayar kaina me suka canja a nan, me kuma suka ƙi taɓawa.

Ga wanda bai san su ba, Tinariwen ƙungiyar mawaƙa ce ta Abzinawan arewacin Mali, yankin Kidal da Tessalit. Mu a nan in muka ji jitar Abzinawa abin da ke zuwa mana a rai shi ne biki, rawani da rawa irin ta Agadas, to amma waƙar waɗannan mutanen tana da nauyi, kuma nauyin yana da asali. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib yana ɗan yaro ƙarami, bai wuce shekara huɗu ba, sojojin Mali suka kashe mahaifinsa lokacin tawayen 1963. Ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Ga fari na 1973 da ya cinye dabbobi ya watsa matasan Abzinawa cikin garuruwa ba aiki ba takarda, ga na 1984 ya zo ya ƙara. A garin Tamanrasset na Aljeriya wajen 1979 ya haɗu da su Alhassane Ag Touhami da Inteyeden da Liya suka fara kiɗa tare, a 1980 Gaddafi ya kira matasan Abzinawa horon soja a Libiya suka tafi, a can sansanonin ne daga baya suka gamu da su Abdallah Ag Alhousseyni da Keddou da wanda ake ce wa Japonais. Da tawaye ya ɓarke a Mali a 1990 wasunsu sun riƙe bindiga da gaske, sai bayan sulhun Tamanrasset na 1991 da yarjejeniyar 1992 suka ajiye suka koma kan jita kacokan.

Na kawo wannan duka ne don shi ne abu na farko da na koya, ka san daga ina waƙa ta fito kafin ka taɓa ta. Muryar Ibrahim ƙasa-ƙasa take, kamar mutumin da ya gaji da magana amma dole ya faɗa, wani lokacin ma kamar yana gunaguni ne shi kaɗai, in da a sitidiyonmu aka kawo ta abu na farko da hannu zai kai shi ne a ɗaga ta a ƙara mata haske a cike ta da eko. Waɗanda suka yi musu aiki ba su yi haka ba, sun bar ta yadda take, kuma in ka san tarihin mutumin za ka gane cewa gajiyar nan ita ce waƙar. Yanzu ni kafin in buɗe fayil sai na tambayi mawaƙi wa ya yi wa waƙar, me ya faru, don amsar ita ke gaya mini inda zan sa hannu da inda zan janye.

A shekarun 1980 ba su da kamfani ba su da sitidiyo, duk wanda ya zo da kaset maras komai sai su yi masa kiɗa a ɗauka, shi kuma ya ba wani ya kwafa, a haka waƙoƙin suka ratsa hamada daga Libiya zuwa Aljeriya da Mali da Nijar. Sautin kaset ɗin nan ba kyau ko kaɗan, iska da ƙara, amma mutane sun haddace su. Akwai kuma wanda suka yi a Abijan farkon shekarun 1990, aka sake fitar da shi a 2022 da sunan Kel Tinariwen, wannan kam duk ɗan sitidiyon Kano ya kamata ya ji shi don fiyano ne da gangar na'ura a ciki, kusan irin kayan aikinmu. Yana da daɗi, amma ba su bi wannan hanyar ba, suka koma kan jita da tafi da ƙwarya.

Inda na fi daɗewa shi ne a kan kiɗan kansa. Tushensa tende ne, turmi ake ɗaure wa fatar akuya mata su zauna suna bugawa suna tafi, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, maza kuma a kan raƙuma suna kewaye su, sai kuma imzad wanda dangin gogenmu ne mai tsirkiya ɗaya amma a wurinsu mata ke goga shi. Abin da Ibrahim da abokansa suka yi shi ne suka kwashe wannan suka ɗora a kan jitar lantarki. Shi ya sa jitarsu ba ta yawo daga wannan murya zuwa waccan yadda ta Turawa ke yi, tana kafewa a wuri ɗaya tana kewaya shi, babban yatsa yana riƙe da ƙasa sauran yatsun suna magana a sama, jita uku ko huɗu kowace da 'yar hanyarta amma ba mai taka wata. Na ɗauki wasu waƙoƙin na Amassakoul na 2004 da Aman Iman na 2007 na ɗora su a kan layin kwamfuta don in ga inda tafin yake faɗawa, ai kuwa ba ya zama daidai kan layi, wani ya ɗan riga wani ya ɗan makara, waƙar ma kanta tana ɗan ƙara gudu in ta yi nisa. A aikinmu wannan kuskure ake kiransa a gyara. Amma da na gwada jawo tafin kan layi don in ji, sai rangajin nan ya mutu murus, abin ya zama kamar injin niƙa. Tun daga nan in mai kalangu ko mai gurmi ya zo ya buga da hannunsa ba na miƙe masa bugun sai in ya kauce da gaske, kuma na koyi bambanta kaucewa da rangaji, wanda gaskiya ba a rana ɗaya ake koyonsa ba.

Fitarsu duniya ta biyo ta hannun wata ƙungiyar mawaƙan Faransa mai suna Lo'Jo da suka haɗu a Bamako ƙarshen shekarun 1990, tare aka shirya bikin waƙoƙi na hamada na farko a Tin Essako da ke arewacin Mali a Janairun 2001, kuma a shekarar ne The Radio Tisdas Sessions ya fito, wanda Justin Adams da Jean-Paul Romann suka ɗauka a gidan rediyon Abzinawa da ke Kidal. Daga nan abin ya yi ta hawa, a 2007 sun buɗe wa shahararriyar ƙungiyar Ingila Rolling Stones fage a Ayalan, a 2010 suna cikin waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu.

To a nan ne ake gane ƙungiya, lokacin da kuɗi da manyan sitidiyo suka buɗe mata ƙofa. Aman Iman a Bamako aka yi shi kuma shi ne ya fi kowanne ƙarfin jitar lantarki, roka sosai, ni har gobe shi na fi so. Kowa zai zaci na gaba zai fi shi ƙara, sai suka kwashi kaya suka koma Tessalit suka yi Imidiwan na 2009, bayan shi kuma suka tafi hamadar Djanet a Aljeriya suka kafa tanti suka ajiye yawancin jitar lantarkin suka ɗauki ta katako, wannan shi ne Tassili na 2011 da ya ci Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka, a 2012. A cikinsa akwai baƙi daga Amurka, Tunde Adebimpe wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da Kyp Malone na ƙungiyar TV on the Radio, da Nels Cline na Wilco, da masu busa na Dirty Dozen Brass Band daga New Orleans. Ka saurari inda aka ajiye baƙin nan a cikin haɗin, a gefe suke, a baya, suna ƙara launi amma amshin Tamashek, yaren Abzinawa, shi ne a tsakiya. Mu kuwa in aka samu babban mawaƙi ya zo ya sa baiti ɗaya a waƙar yaro, sai a ɗaga shi har mai waƙar ya koma baƙo a gidansa, na sha ganin haka kuma yanzu ina faɗa wa furodusa ra'ayina a kai ko da ba zai ɗauka ba.

Sai 2012 ta zo, arewacin Mali ya rikice, masu iƙirarin jihadi suka karɓe garuruwa suka haramta kiɗa, a farkon 2013 har suka kama ɗaya daga cikinsu, Abdallah Ag Lamida, daga baya suka sake shi. Gida ya gagara, sai suka yi Emmaar na 2014 a Joshua Tree, hamadar Kalifoniya, Elwan na 2017 kuma wani ɓangare a can wani a M'Hamid a kudancin Maroko. Waɗannan biyun su ne mafi duhu a wurina, kiɗan ya lafa, bes ɗin Eyadou Ag Leche ya ƙara nauyi, mutanen da suka yi waƙar gudun hijira suna samari ga shi sun sake yin ta da furfura. Ban iya jin Elwan ina wani aikin, sai na zauna.

Amadjar na 2019 shi ne ya fi ba ni darasi na zahiri. Sun taso daga Maroko a mota suna bin gaɓar teku suna tsara waƙoƙi a hanya har kusa da Nuwakshot a Muritaniya, suka kafa tanti suka ɗauka kowa na jin kowa da kunnensa ba abin sawa a kunne, mawaƙiyar Muritaniya Noura Mint Seymali ta zo ta sa murya, goge irin na Turawa na Warren Ellis kuma daga baya aka ɗora. Amatssou na 2023 da furodusa Daniel Lanois ya sa hannu ya shigo da banjo, wani dangin molo na Amurkawa, da salon kiɗan karkarar Amurka, wasu wuraren ya zauna wasu kuma a kunnena ya ɗan yi yawa, amma ko a nan tafin da amshin suna inda suke. Mutane ma sun canja, Inteyeden ya rasu tun 1994, Japonais ya rasu a 2021, matasa sun shigo, wani lokacin Ibrahim kansa ba ya bin su yawon wasa, duk da haka daƙiƙa kaɗan za ka ji ka ce su ne.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a zubar da ototun ne. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya taso a kan hanyar da su Tinariwen da Abdallah Oumbadougou suka share, albam ɗinsa na farko Anar a Sakkwato ya yi shi a 2008 da ototun da gangar na'ura irin ta waƙoƙin finafinanmu, kuma ta waya da memori waƙoƙin suka bazu har suka kai shi inda yake yau. Kayan aikinmu ba su da laifi, abin dai shi ne mai haɗawa ya gane mene ne ƙashin bayan waƙar da ke gabansa ya bar shi, sauran kuma ya yi yadda ya ga dama.

Kwanakin baya wani yaro ya zo da waƙa a kan ƙauyensu da 'yan bindiga suka tasa, yana so a ɗora masa bit mai sauri irin wanda ake yayi. Na ce masa ƙanena, ka ba ni dama mu gwada wata hanya, in ba ta yi maka ba sai mu koma taka ba ƙarin ko sisi. Muka nemo mai gurmi da 'yan amshi, na zaunar da su ɗaki ɗaya suna kallon juna, na kashe kilik, ƙarar nan ta kwamfuta da ke riƙe wa makaɗa lokaci, inda muryarsa ta karye a baitin da ya ambaci mahaifiyarsa na bar shi haka. Ya karɓa, sai dai ya roƙi a yi masa ta biyu mai bit saboda masu ɗorawa a TikTok, na yi masa. Wahalar wannan hanyar a wurinmu ita ce kuɗin makaɗa da ƙarar janareto da ke shiga makirufo, dole sai an jira wuta ko a yi da batir cikin dare, kuma makirufo biyu ba sa isa mutum biyar, don haka yanzu tarin da nake yi na ƙaro wasu ne da kuma sa labule mai kauri a bangon ɗakin.