Kafin ka goge layin da ya maimaitu a rumbun bayanai

Ƙannena masu fara wannan aiki, ga wani kuskure da har yau yake ci mini rai.

An ba ni gyaran teburin mambobin wata ƙungiyar adashe a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. Mutum ɗaya sai ka gan shi sau uku: nan Muhammad, can Mohammed, gaba kuma Muhammadu. Na daidaita rubutun sunayen, sannan don in gano sunayen da suka fito fiye da sau ɗaya, na sa GROUP BY a kan suna tare da HAVING COUNT(*) > 1. Duk abin da ya fito na ɗauke shi maimaici, na bar layi mafi tsufa, na goge sauran.

A wajenmu suna ba shaida ba ne. Unguwa ɗaya za ka sami Musa Ibrahim biyu, ɗaya tela, ɗaya mai sayar da hatsi, ni kuwa na mai da su mutum guda. Abin da ya fi muni, teburin zubi yana ɗaure da na mambobi da ON DELETE CASCADE, wato ana goge mutum zubinsa ya bi shi. Telan ya zo da katinsa duk sa hannun ma'aji, sakatare ya duba kwamfuta, babu ko sisi da sunansa. Ban ajiye kwafi ba. Da rasit na takarda muka zauna muka mayar da komai ɗaya bayan ɗaya, wasu rasit ɗin ma tawada ta dushe.

Yanzu ba na taɓa komai sai na yi pg_dump, wato na ajiye kwafin rumbun bayanan. Sannan in buɗe BEGIN, don kada gyaran ya tabbata sai na amince, in zaɓi layin da zai tsira, in cike masa abin da ya rasa daga ɗan'uwansa, in yi UPDATE a teburin zubi, zubin ya koma kan lambarsa ta mamba. Gogewa ce ta ƙarshe. Kafin COMMIT, wanda ke tabbatar da gyaran, nakan lissafa jimillar kuɗi da SUM. In ta bambanta da ta farko ko da naira ɗaya, sai ROLLBACK, in soke gyaran duka. Ina kuma ajiye ƙaramin tebur mai nuna tsohuwar lamba da wadda ta maye gurbinta.

Kada ka yi saurin ɗora UNIQUE, wato sharaɗin hana maimaici, a kan lambar waya ma. Ka fara daidaita 0803 da +234803, kuma ka sani mata da yawa da wayar maigida suke rajista. Irin waɗannan layukan nakan fitar da su a takarda in kai wa sakatare, shi da ya san fuskokin mambobi.